Na'urar tace iska a ajin ƴan firamare: abin da na gani daga hunturu zuwa bazara a Maradi

A tsakiyar watan Nuwamban bara, daidai lokacin da hazo ya fara kwana a kan garin Maradi har hantsi ya ɗaga rana ba ta fito sosai ba, kwamitin iyayen yara na makarantar da nake koyarwa ya saya wa ajina na'urar tace iska guda ɗaya, haɗe da wata ƙaramar na'ura mai girman agogon tebur wadda take auna ƙura da kuma iskar da mutane ke fitarwa idan sun yi numfashi. Makarantar tamu ta kuɗi ce, amma ba ta ƴaƴan manya ba ce. Ajina na CP ne, wato aji biyu na firamare, yara 54 ne a cikinsa, mafi yawansu tsakanin shekara 6 da 8. Na zauna da na'urorin nan biyu tun daga sanyin hunturu har zuwa ƙarshen zafin bazara, kuma da yake malamai da iyaye daga wasu makarantu sun yi ta tambayata ko su ma su saya, na ga ya fi dacewa in rubuta abin da na gani dalla-dalla, maimakon in riƙa ba kowa guntun labari a bakin ƙofa.

Akwai yara uku a ajin masu ciwon asma, kuma ɗaya daga cikinsu, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, kusan rabin hunturun da ya gabata a gida ta yi shi, daga tari sai shessheƙa. Mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ta kawo shawarar a taron iyaye, ta ce a gwada da aji ɗaya tukuna kafin a ɗora wa mutane nauyin sayen guda shida. Ni kaina ban ƙi ba, domin shekaruna 17 ina shaƙar garin alli, kuma duk watan Janairu sai muryata ta dushe.

A wani shagon kayan lantarki da ke kusa da babbar kasuwa aka saya. Babbar na'urar ta tashi sefa 135,000 bayan an sha ciniki, ƙaramar kuma sefa 45,000. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, ya ba mu rasit da garantin wata uku, ya kuma haɗa mu da yaronsa a adaidaita domin ya kafa mana ita a makaranta ba tare da ƙarin ko dala ba. Zuwan yaron ya yi rana, domin da ya buɗe bayan na'urar sai muka ga matatar tana naɗe cikin leda tun daga kamfani, kuma da mu kaɗai ne, da haka za mu kunna ta tana ta kaɗawa ba ta tace komai. Kan wayarta mai haƙora uku ne masu faɗi irin na kayan da ke shigowa ta Kano, alhali soket ɗin bangonmu mai rami biyu zagaye ne, sai da ya koma ya kawo abin haɗawa. Takardar bayanin kuwa da Turancin Ingilishi da Sinanci aka rubuta ta, babu Faransanci ko layi ɗaya. Inda na ga gazawar shagon shi ne ba a tambaye mu girman ɗakin ba. Da na ce, "Alhaji, aji ne fa, ba ɗakin kwana ba," sai ya yi murmushi ya ce, "Malama, wannan ko falon gwamna ne tana isarsa." Ban ɗauka yaudara yake yi ba, abin da shi ma aka gaya masa ke nan, amma maganar ba haka take ba, kuma lissafin da zan kawo a gaba zai nuna dalili.

Siffar na'urar kamar dogon tulu ce, fara, tsayinta ya kai ƙugun ɗan aji. Tana zuƙar iska ta ƙananan ramuka da ke kewaye da jikinta, ta fitar da ita ta sama. A ciki akwai shimfiɗa uku: raga mai kama gashi da zare da manyan ƙwayoyin ƙura, sai farar matata mai ninki-ninki wadda ake kira HEPA, sai baƙar shimfiɗa ta gawayi da aka sarrafa domin rage wari da hayaƙi. Matatar tsakiyar ita ce mai aikin, kuma ma'aunin da ake bi a Amurka ya ce ba a kiran matata da wannan suna sai tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiromita 0.3, ita kuwa maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita. Wuta ba ta ci da yawa, wat 45 aka rubuta a jikinta, wato ba ta kai fankar sama ba. A samanta akwai fitila mai sauya launi, shuɗi idan iska ta yi kyau, ruwan ɗorawa idan ta fara gurɓata, ja idan ta ɓaci. Yara sun raɗa mata suna Hajiya tun ranar farko, kuma sai da na yi mako guda ina hana su ɗora mata hannu a ka.

Kafin in faɗi yadda ta yi aiki, ya kamata a san irin ƙurar da ake magana a kanta, domin ba wadda muke gani a kan tebur muna sharewa da tsumma ce ta fi illa ba. Manyan ƙwayoyi hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawansu, shi ya sa muke atishawa da kakin majina. Waɗanda likitoci suka fi damuwa da su su ne ƙananan da ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato sun fi silin gashin kai ƙanƙanta da kusan ninki 30, kuma suna wucewa har can ƙasan huhu inda iska take haɗuwa da jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ma'auninta, ta ce matsakaicin waɗannan ƙwayoyi a yini guda kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, a shekara kuma kada ya wuce 5. Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda numfashinsa ya fi sauri, yana shaƙar iska mai yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, hanyoyin iskar ƙirjinsa matsattsu ne, huhunsa bai gama girma ba, ga shi kuma gajere, hancinsa yana kusa da ƙasa inda ƙafafu ke tayar da ƙura. Mu kuwa a nan muna kan hanyar iskar arewa maso gabas da ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ranar da muka fara kunna ƙaramar na'urar a tsakar makaranta cikin hazo, lambar da ta nuna ta haura 100, kuma a watan Janairu akwai safiyoyin da ta ninka haka.

Ajina mita 9 ne a mita 7, tsayin bangonsa mita 3, saboda haka iskar da ke cikinsa ta kai mita kubik 189. A jikin kwalin na'urar an rubuta cewa tana fitar da tatacciyar iska mita kubik 300 a awa ɗaya idan an ƙure mata gudu, an kuma rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ta dace da ɗakin da bai wuce murabba'in mita 40 ba, alhali namu 63 ne. Idan aka raba 300 da 189, za a ga tana juya iskar ajin sau ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya a awa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a shekarar 2023 cewa ɗakin da jama'a ke zama a ciki a riƙa sauya iskarsa aƙalla sau 5 a awa. Ke nan ajina kaɗai yana buƙatar irin wannan na'ura guda uku kafin ma ya kusanci wannan ma'auni, dukkansu a ƙure, kuma ƙofa da tagogi a rufe. Wannan lissafi ɗan CM2, wato aji shida, ma zai iya yin sa a kan allonsa, kuma na ji kunyar cewa sai bayan an biya kuɗi na zauna na yi shi.

Batun rufe tagogin nan shi ne inda gizo yake saƙa. Na'urar an ƙera ta ne domin ɗakin da yake rufe ruf, mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda iskar da ta tace za ta zauna a ciki. Tagoginmu na ƙarfe ne masu sala-sala, ko an rufe su iska tana kurɗawa, kuma a saman bango akwai bulo mai ramuka da maginin ya sa domin zafi ya fita. A makon farko muka toshe ramukan da kwali, muka rufe tagogi da ƙofa, yara ma suka ji daɗi saboda sanyin safiya. Ƙurar ta sauka, wajen awa guda fitilar ta bar ja ta koma ruwan ɗorawa, lambar ta ragu da kusan rabi. Sai dai ɗaya lambar da ke kan ƙaramar na'urar, ta iskar kabon da muke fitarwa wadda ake rubutawa CO2, ta kama hawa ba ƙaƙƙautawa. A waje wannan iska tana kusan 420 cikin miliyan, kuma masana gine-gine suna ɗaukar 1,000 a matsayin alamar cewa iskar ɗaki ta fara tsufa. A ajina kafin ƙarfe 9 da rabi ta wuce 1,800, kuma ko ba na'ura na san abin da ke faruwa, domin hamma ta kama bin layi-layi, wasu suka kifa kai a kan tebur, ɗakin ya ɗauki warin jiki da na takalma. Matata ba ta cire iskar kabon ko kaɗan, tun da ba ƙwayar ƙura ba ce, babu abin da ke fitar da ita sai iskar waje. Kuma wannan lamba tana nuna wani abu da ya fi kasala muhimmanci: idan ta hau, ma'anarta kowane yaro yana sake shaƙar numfashin ƴan uwansa, wanda ta haka ne mura da ƙyanda da tarin fuka ke bi su yaɗu. Matatar tana kama wani ɓangare na ɗigon numfashin da ke yawo, amma guda ɗaya ba ta iya cim ma bakuna 54.

Da muka cire kwalayen muka buɗe tagogi, iskar kabon ta faɗo ƙasa da 800 cikin ƴan mintoci, yara suka wartsake, ita kuma Hajiya ta koma ja ta zauna a nan har aka tashi. Na gwada kashe ta da kunna ta a ranaku mabambanta tagogi suna buɗe, bambancin da ƙaramar na'urar ta nuna bai taka kara ya karya ba, sai dai ga yara huɗu ko biyar da ke zaune dab da ita. Tace iskar aji mai buɗaɗɗun tagogi a cikin hunturun Maradi ɗibar ruwa da kwando ne. Daga watan Maris kuwa maganar rufe taga ba ta ma taso ba, domin idan zafi ya haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano, wanda ya rufe wa yara taga ya nemi ya kwashe su zuwa asibiti.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ƙaramar na'urar, wadda da farko ma kamar gyara muka ɗauke ta. Ita ce ta nuna mana cewa mafi munin iskar da yara ke shaƙa a yini ba daga Chadi take zuwa ba, mu muke tayar da ita da hannunmu. Al'adarmu, kamar ta kowace makaranta a garin nan, ita ce yaran da ke da aikin shara su zo da wuri su share aji da tsintsiya a bushe, ana gamawa a buga ƙararrawa kowa ya shiga. Na ajiye na'urar a kan teburina wata safiya ana sharar, lambar ƙura ta yi tsallen da ban taɓa ganin irinsa ba ko a ranar da hazo ya fi tsanani, kuma ba ta sauko ba sai da muka ci rabin darasin karatu. Masu sharar su ne suka fi kowa shaƙa, suna sunkuye, kuma da na duba jerin sunaye sai na tarar yarinyar nan mai asma tana cikin ƴan ranar Talata. Tun daga makon aka mayar da shara bayan an tashi, ana yayyafa ruwa da buta kafin a sa tsintsiya, tagogi duka a buɗe, aka kuma cire masu ciwon ƙirji daga aikin, aka ba su jera littattafai. Buta biyu ta ruwa ta yi abin da na'urar sefa 135,000 ta kasa yi.

Na biyu shi ne alli. Goge babban allo da busasshen tsumma, da kuma lokacin da yara 54 suka goge allunansu a tare, wasu da hannun riga wasu da hurawa da baki, yana tayar da farin gajimare a daidai fuskar ƴan layin gaba. Garin alli manyan ƙwayoyi ne mafi yawansa, yana sauka da wuri, amma ga mai asma ya isa ya tayar masa da tari. Yanzu soso mai laima muke amfani da shi, kowane tebur da guntunsa a cikin gwangwani. Sai kuma hayaƙi, wanda shi ne mafi sharri saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai. Mai gadinmu ya saba tara shara da ledoji a bayan ajujuwa ya cinna musu wuta da sassafe, yana jin ɗumi yana kuma rage datti, a ganinsa jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya. Da na kai masa na'urar na ce, "Baba, dubi abin da wutar nan take yi wa ajinmu," ya ga lambar tana gudu, bai yi musu ba, ya ce shi dai a nemo masa inda zai kai sharar. Yanzu mai amalanke ke zuwa kwashewa sau biyu a mako. Mai ƙosai da fanke da ke bakin ƙofa, wadda hayaƙin itacenta yake shigowa ta tagogin gabas, ita ma an roƙe ta ta koma ɗaya gefen katangar, kuma cinikinta bai ragu ba, domin yara ko bayan gari ta koma za su bi ta.

Mai niyyar sayen irin wannan ƙaramar na'ura ya lura, domin akwai masu araha da ba sa auna iskar kabon da gaske, ƙiyasi kawai suke yi daga wari, har turare ko man goge hannu yana sa lambarsu ta hau. Ta gaskiyar ana rubuta NDIR a jikin kwalinta. Gwajin da ma'aikaciyar jinyar ta koya mini mai sauƙi ne: a fita da ita waje a bar ta minti goma, ya kamata ta tsaya tsakanin 400 da 450, sannan a hura mata numfashi a hankali, ya kamata ta yi sama nan take, tun da numfashin mutum yana ɗauke da kusan 40,000 cikin miliyan. Tamu ta ci wannan jarrabawa. Batirinta yana kai yini guda na karatu, da wayar cajin salula ake cika shi, kuma aibinta ɗaya shi ne ƙarar gargaɗin da take yi, wadda sai da na sha wahala kafin na gano yadda ake kashe ta.

Ita babbar tana da wasu matsalolin da suka shafi zaman yau da kullum. Idan aka ƙure mata gudu ƙararta kamar ta fankar tsaye ce mai tsufa, kuma a ajin da ake koyon haɗa baƙi da wasali, inda dole in ji ko yaro ya ce "ba" ko "da", wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Idan aka rage gudun ta yi shiru, amma aikinta ma ya ragu daidai gwargwado. Ba ta da batir, wuta na ɗaukewa take mutuwa, kuma idan wutar ta dawo ba ta tashi da kanta sai an danna mata. Shugaban makarantarmu ya ƙara sayen na'urar daidaita wuta saboda tsoron kada hawa da saukar lantarki ya ƙona ta, kuɗin da ba ya cikin lissafin farko. Akwai kuma wani maɓalli da aka rubuta wa ION, wanda yaron shagon ya yaba mana ƙwarai, ya ce kashe ƙwayoyin cuta yake yi. Ban taɓa kunna shi ba bayan ranar farko, domin wasu na'urori masu irin wannan aiki suna fitar da iskar ozon, wadda take fusata hanyoyin numfashi, kuma masu asma ne suke fara jin ta.

Matata ita ce kuɗin da ba a faɗa wa mai saye a shago. Takarda ta ce tana kai wata 6 zuwa shekara, amma wanda ya rubuta wannan bai san hunturunmu ba. Ragar waje duk ranar Juma'a nake cire ta in kakkaɓe a bayan aji in wanke, kuma kowane mako sai ta fito ja wur kamar an turbuɗa ta a ƙasa. Farar matatar ba a wanke ta, ruwa yana lalata ta, kuma kafin ƙarshen Fabrairu ta koma launin bulo, iskar da ke fita ta sama ta yi rauni har takardar da nake ɗorawa don gwaji ba ta tashi. Da muka koma shagon, Alhaji ya ce ba ya ajiye matatar, sai dai ya yi oda, kuɗinta sefa 30,000, a ba shi mako biyu. Idan aji ɗaya yana buƙatar na'ura uku, kowace tana cin matata biyu a shekarar karatu, kuɗin matata kaɗai ya kai sefa 180,000, kuma makaranta mai aji shida sai ta ninka wannan sau shida. Ban san makarantar unguwa da iyayenta za su ɗauki wannan nauyi kowace shekara ba tare da an taɓa kuɗin littattafai ba.

Duk da haka ba zan shafa wa na'urar kashin kaji ba, domin inda aka sa ta a muhallinta ta yi abin da aka ce tana yi. Muna da wani ƙaramin ɗaki kusa da ofishin shugaban makaranta, mita 4 a mita 4, mai tagar gilashi da ƙofa mai rufuwa sosai, inda ake kwantar da yaron da ba ya jin daɗi kafin iyayensa su zo. A watan Janairu na kai ta can ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango hasumiyar masallacin unguwa, na rufe ƙofa, cikin rabin awa lambar ƙura ta sauko daga sama da 100 zuwa wajen 20, fitilar ta yi shuɗi, karo na farko da na ga wannan launi tun ranar da aka gwada ta a shago. Ɗakin mita kubik 48 ne, saboda haka tana juya iskarsa sau 6 a awa, kuma mutum biyu ko uku ba sa cika shi da iskar kabon da wuri. Tun daga lokacin can ta tare. Idan ƙirjin yarinyar nan ya fara kamawa, ana kai ta ɗakin ta shaƙi maganinta na fesawa ta zauna cikin iska mai tsabta, kuma sau da yawa tana dawowa aji kafin a tashi, maimakon a kira mahaifiyarta daga wurin aiki. Maganin ne yake buɗe mata ƙirji, na'urar kuwa tana hana abin da ya tayar da ciwon ci gaba da shiga.

Wani uba ya tambaye ni a taro ko na'urar tana kare yara daga sanƙarau, tun da lokacin ƙura da bushewar iska ne cutar take tashi a yankinmu. Gaskiya ne busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma cunkoso yana taimaka wa cutar, amma kariyar da aka tabbatar ita ce allurar rigakafi, irin wadda aka fara yi wa jama'a a Nijar a shekarar 2010, wadda ta karya lagon nau'in sanƙarau na A. Kada wani ya ga farar na'ura a kusurwar aji ya yi sakaci da katin rigakafin ɗansa. Haka kuma ina sane da cewa duk wannan bayani na masu aji na bulo da wutar lantarki ne. Yara da yawa a jihar nan a rumfar zana suke karatu, a zaune a kan rairayi, kuma babu wanda ya manta gobarar watan Nuwamban 2021 da ta cinye irin waɗannan ajujuwa a garin nan ta hallaka ƙananan yara aƙalla 25, Allah ya jiƙan su. Ga makarantar da ke cikin wannan hali, sefa 135,000 kuɗin siminti da kwano ne.

Shawarar da na ba kwamitinmu, kuma suka karɓa, ita ce kada a sayi sauran biyar ɗin. Kuɗin da aka tara an kashe shi wajen yin daɓen siminti a aji biyu da ƙasansu ya farfashe, da fasa ƙarin tagogi a bangon yamma na ajin CI, wato aji ɗaya, domin iska ta riƙa ratsawa, da toshe silin da jemagu suka mayar gida har kashinsu yana zubowa a kan tebura. Ƙaramar na'urar kuma yanzu yawo take yi, kowane aji tana yin mako guda, kuma malamai sun koyi buɗe tagogin da ke bayan iska idan hazo ya taso, su rage na ɓangaren da take kaɗowa, su buɗe komai a lokacin hutun ƙarfe 10. Mai ɗa mai asma da ke da ɗakin kwana mai rufuwa da wuta ko sola, babbar na'urar za ta yi masa amfani a gida, da sharaɗin ya auna ɗakinsa kafin ya je shago, ya kuma sayi matatar canji a ranar, ya riƙe ta a hannunsa kafin ya biya. Tamu matatar da aka ce mako biyu sai da ta yi mako bakwai kafin ta iso, kuma ta farkon da aka kawo ba ta shiga ba, ta fi ramin faɗi da kusan yatsa ɗaya. Alhaji ya karɓe ta ba gardama, ya aiko yaronsa ya auna tsohuwar da zare, ya sake yin oda, ta biyun ta zo daidai ana saura kwana tara a ba da hutun ƙarshen shekara.